Farfaɗo da tsofaffin motoci: Yadda ake toshe mahaɗar ƙarfe a ƙarƙashin Peugeot 504

Kusan shekaru 20 ke nan da aka daina harhaɗa mota ƙirar Peugeot 504 a Kaduna, kuma kullum waɗanda suka rage a kan titunan arewacin Najeriya sai ƙara raguwa suke yi.

Inji da giya da tayoyi duk ana iya sauya su idan sun gaji. Amma idan tsatsa ta cinye ƙasan mota, to da wuya ta kuɓuta daga hannun 'yan gwangwan.

Galibi tsatsar kan fara ne daga siririn layin da fallen ƙarfe biyu suka haɗu. Don haka ne masana'antun ƙera motoci ke bin waɗannan layuka da wani danƙo na musamman kafin a fesa fenti, domin hana ruwa da ƙura shiga.

Mayar da wannan danƙo yadda masana'anta ta sa shi na daga cikin ayyukan da ido ba ya gani, amma a kansa ne ƙarkon duk wani gyara ya dogara. Yana da tsari, yana da wuraren da ake sa shi, yana kuma da wuraren da aka bari a buɗe da gangan.

Motar da Kaduna ta harhaɗa

A shekarar 1968 ne kamfanin Peugeot na Faransa ya fito da ƙirar 504, wadda kamfanin Pininfarina na Italiya ya zana siffarta. A 1969 aka zaɓe ta a matsayin motar shekara a Turai.

Ta yi suna a Afirka saboda juriyarta a kan munanan hanyoyi. A 1975 kaɗai, 504 ce ta lashe tseren motoci na Safari a Kenya, da na Maroko, da kuma na Bandama a Kodebuwa.

A Najeriya, an kafa kamfanin Peugeot Automobile Nigeria, wato PAN, a 1972, sannan masana'antarsa da ke Kakuri a Kaduna ta fara aiki a 1975. Hausawa suka raɗa wa motar suna Fijo, ta zama motar gwamnati da ta manyan ma'aikata, ta kuma zama motar haya tsakanin garuruwa.

Kano na da hannu a wannan tarihi. A shekarun farko, lokacin da tashar jiragen ruwa ta Legas ke fama da cunkoso, jiragen dakon kaya na kamfanin UTA ne ke kwaso sassan motocin daga birnin Lyon na Faransa zuwa filin jirgin saman Kano, daga nan a wuce da su Kaduna ta mota.

Hanyar da ta haɗa biranen biyu ita ce titin Zariya, wanda ya ratsa ta Gyadi-Gyadi da Ƙauyen Alu da Unguwa Uku a ƙaramar hukumar Tarauni. Daga tashar Unguwa Uku kuma Fijo mai dogon baya ta shafe shekaru tana jigilar fasinjoji, kafin wasu motocin su maye gurbinta.

An daina ƙera 504 ta shiga a Faransa a 1983, amma Kaduna ta ci gaba da harhaɗa ta har zuwa tsakiyar shekarun 2000. An sayar da hannun jarin gwamnati a PAN ga 'yan kasuwa a 2006, kuma a 2022 wani kamfanin dabam, Dangote Peugeot, ya fara harhaɗa sababbin ƙire-ƙire a wata sabuwar masana'anta a kan hanyar Kaduna zuwa Abuja.

Abin lura a nan shi ne, sassan motar a wawwatse suke zuwa. A Kaduna ake yi musu walda, a toshe mahaɗarsu, a fesa musu fenti. Ke nan hannun da ya shafa danƙon da ke ƙarƙashin Fijon Najeriya hannun ma'aikacin Kakuri ne.

Abin da ya sa mahaɗa ke da muhimmanci

Babbar mota da a-kori-kura da dama suna da casis mai zaman kansa, wanda ake ɗora gangar jiki a kai. Ƙananan motoci irin su 404 da 504 da 505 ba haka suke ba, domin gangar jikin ita ce ƙashin bayan motar.

Wannan salon ƙira ya samo asali ne tun daga motar Lancia Lambda ta 1922, kuma Citroën Traction Avant ta 1934 ce ta yaɗa shi. Ana buga fallayen ƙarfe marasa kauri, da yawansu ba su wuce milimita 1 ba, a lanƙwasa su, a ɗora bakin wannan a kan na wancan.

Ana haɗa su ne da waldar ɗigo: na'ura ta matse fallayen biyu, ta tura wutar lantarki mai ƙarfi ta narkar da wuri guda kamar girman ƙwayar wake. Jikin mota guda na ɗauke da dubban irin waɗannan ɗigo.

Sai dai tsakanin ɗigo da ɗigo akwai 'yar tazara, inda ƙarafan ke kwance a kan juna ba tare da sun narke sun zama ɗaya ba. Wannan tsaga, duk da ba ta kai kaurin takarda ba, tana zuƙar ruwa kamar yadda lagwani ke zuƙar kananzir.

Ruwan da ya shiga ba ya saurin bushewa, saboda iska ba ta kai masa. A nan tsatsa ke kama aiki, kuma da yake tsatsa ta fi ƙarfen da ta ci girma ninki da yawa, sai ta riƙa tura fallayen biyu suna rabuwa har ɗigon waldar ya tsinke.

Idan hakan ta faru a dokin ƙofa, ko a wurin da aka ɗaura sifirin da shokozoba, ko inda aka kafa kujera da bel ɗinta, to motar ta rasa ƙarfin da za ta kare mutanen da ke ciki a lokacin hatsari.

Haka kuma ramin da ke ƙasan mota ko cikin but hanya ce da hayaƙin salansa ke bi ya shiga. A cikin hayaƙin akwai iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da wari ko launi, kuma tana sa direba ciwon kai da gyangyaɗi, idan ta yi yawa ma ta yi kisa.

Tsatsa a ƙasar da ba ta da teku

Akan ɗauka cewa motar arewa ba ta yin tsatsa, kuma akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Kano na nesa da iskar teku mai gishiri, sannan ba a zuba gishiri a kan titi kamar yadda ake yi a Turai da Amurka don narkar da ƙanƙara.

Wannan ne ya sa ake samun tsohuwar Fijo a arewa da jikinta ya fi na takwarorinta na Legas ko Fatakwal lafiya. Amma yanayin arewa ma na da tasa ɓarnar.

Ƙurar hunturu, wadda ke sauka daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu, kan cika kowane lungu na ƙarƙashin mota. Da damina ta kankama, musamman a watan Agusta da ruwa ya fi yawa, sai ƙurar ta koma taɓo, ta riƙe danshi a jikin ƙarfe na tsawon makonni.

Zafin bazara, wanda kan haura digiri 40 a ma'aunin Selshiyos a watan Afrilu, shi kuma yana busar da tsohon danƙo har ya tsattsage. Tsagaggen danƙo ya fi rashinsa illa, domin ruwa na shiga ta tsagar ya kwanta a ƙarƙashinsa.

Akwai kuma ruwan da ke zuwa daga ciki: wanda ke yoyo ta tsohuwar robar gilashi, da wanda masu wankin mota ke bari a ƙarƙashin kafet. Motar da ta yi dakon takin zamani ko gishiri ko dabbobi ta fi saurin ruɓewa, saboda waɗannan duka suna hanzarta cin ƙarfe.

Motocin da aka shigo da su na hannu ta tashar Kwatano kuwa, da yawansu sun riga sun sha gishirin titunan Turai, don haka da cutar suke isowa.

Yadda masana'anta ke yin aikin

A masana'antar ƙera motoci, aikin na bin jeri guda ne. Bayan an gama walda, sai a wanke gangar jikin a cire maiƙo, a jiƙa ta da sinadarin fosfet wanda ke sa fenti ya kama ƙarfe.

Daga nan sai fentin farko, wanda masu sana'ar ke kira firaima. Tun daga shekarun 1960 masana'antu suka fara tsoma jikin mota kacokan a cikin kwamin fenti, su yi amfani da wutar lantarki wajen manna shi a kowane lungu. Kamfanin Ford na Amurka na cikin waɗanda suka fara hakan, kuma an inganta fasahar a shekarun 1970.

Sai bayan wannan ne ake bin layukan mahaɗa da danƙo. A wasu wuraren akan matso shi ya kwanta kamar igiya, a wasu kuma a bi shi da burushi a baje. Sannan a fesa wani kauri mai laushi a kogon taya da ƙasan mota don tare tsakuwa, a ɗora fenti mai launi, daga ƙarshe a zuba kakin hana tsatsa a cikin kogunan ƙarfe.

Danƙon da masana'antu suka fi amfani da shi na roba ne nau'in PVC, wanda ba ya bushewa sai an gasa motar a ɗakin zafi mai digiri sama da 130. Tsofaffin motoci kuma da dama an yi musu amfani da haɗin kwalta.

Babu garejin bakin titi da zai iya gasa mota haka, balle wadda ke da wayoyi da robobi a jikinta. Saboda haka mai gyara ba zai iya maimaita ainihin sinadarin ba. Abin da zai iya maimaitawa shi ne jerin aikin, da wurin da aka sa danƙon, da kamanninsa.

Me ake nufi da "yadda masana'anta ta yi"?

Ƙungiyar ƙasa da ƙasa ta masu adana tsofaffin motoci, FIVA, wadda aka kafa a 1966, tana ɗaukar mota a matsayin ta tarihi idan ta kai shekara 30, aka kiyaye ta a kamanninta na asali, kuma ba da ita ake zirga-zirgar yau da kullum ba.

Yarjejeniyar Turin da ƙungiyar ta fara aiki da ita a 2013 ta ƙarfafa cewa a bar duk abin asali da ke da lafiya, a kuma rubuta duk sauyin da aka yi. A bisa ma'aunin shekaru 30, duk Fijon da ta fito daga Kaduna kafin tsakiyar shekarun 1990 ta kai munzali.

Wani abin da kan ba sabon shiga mamaki shi ne, aikin masana'anta ba shi da tsafta sosai. Ma'aikaci na da 'yan mintoci ne kafin motar ta wuce, don haka akan ga shatin burushi, da inda danƙo ya taru, da inda hannun dama ya bambanta da na hagu.

Wanda ya goge layukan suka yi sumul kamar tangaran ya yi ado, amma ya kauce wa asali. A gasar baje kolin tsofaffin motoci a Turai da Amurka, alƙalai kan rage maki saboda irin wannan wuce gona da iri.

Tun da kuma hannun Kaduna ba lallai ya zo daidai da na masana'antar Sochaux ta Faransa ba, babban abin dogaro shi ne motar kanta. Kafin a kankare komai, a ɗauki hoton kowane layi da waya, a auna faɗinsa, a lura da launinsa, da inda ya fara da inda ya tsaya, da ko fenti ya hau kansa.

Inda tsatsa ko gyaran baya ya shafe shaidar, sai a duba ɗaya gefen motar, ko a nemi wata mai shekaru ɗaya da ita wadda ba a taɓa ƙasanta ba.

Cire tsohon danƙo da gyara ƙarfe

Matakin farko shi ne kariya daga gobara. A cire batir, a sauke tankin mai da bututunsa, a fitar da kujeru da kafet. Tankin da babu mai a ciki ma yana fashewa, domin tururin fetur ne ke kama wuta.

Ba kowane tsohon danƙo ake cirewa ba. Wanda ya manne sosai, bai tsage ba, kuma babu kumburi a gefensa, barinsa ya fi. Wanda ya ɗago ko ya bushe yana marmashewa, a bi shi da abin kankara da burushin waya har sai farin ƙarfe ya bayyana.

Ƙona shi da wutar walda, duk da yana da sauri, yana da haɗari. Robar PVC idan ta ƙone tana fitar da iska mai cin huhu, zafin kuma na ƙona fentin da ke bayan ƙarfen, inda hannu ba zai kai a sake shi ba.

Bugu da ƙari, wasu daga cikin tsofaffin haɗin kwalta na ɗauke da asbestos, tsohon fenti kuma na iya ɗauke da dalma. Don haka a guji gurza su a bushe, a kuma sa takunkumi mai tace ƙura. Yaran gareji, waɗanda galibi su ake turawa ƙarƙashin mota, su suka fi buƙatar wannan kariya.

Duk ƙarfen da tsatsa ta huda ko ta sirantar, yanke shi ake yi a sa sabo mai kauri iri ɗaya. Faci da kwanon rufi ko ƙarfen tsohon duro gyaran gangar Auzinawa ne, musamman a wuraren da ke ɗaukar nauyi.

Wanda ba shi da na'urar waldar ɗigo na iya kwaikwayonta: ya huda ramuka masu faɗin milimita 6 zuwa 8 a fallen sama, a tazarar da masana'anta ta bari, ya cike su da walda. Kafin a haɗa fallayen, akan shafa wa fuskokin da za su rufu firaima mai sinadarin zinki, wanda ke jure zafin walda.

Waldar gas da yawancin masu gyaran jikin mota suka saba da ita tana baza zafi sosai, tana lanƙwasa falle. Idan da ita aka yi aiki, wajibi ne a goge duk ƙonar da ragowar hodar walda, domin danƙo ba ya kama su.

Zaɓen danƙo

Nau'in da ya fi yaɗuwa shi ne na poliyuretan, sinadarin da Otto Bayer ya gano a Jamus a 1937. Yana zuwa a cikin bututu, ana matso shi da bindigar gam, yana bushewa ya zama roba mai talewa, fenti kuma na kama shi.

Akwai na MS polima, wanda kamfanin Kaneka na Japan ya ɓullo da shi a ƙarshen shekarun 1970. Ba shi da wari sosai, kuma wasu nau'o'insa ana iya fesa su su ba da gurjin da ya yi kama da na masana'anta.

Akwai na gwangwani da ake shafawa da burushi, wanda ya fi dacewa da shimfiɗar ƙasan mota da cikin but. Yana ɗan motsewa idan ya bushe, don haka ba a cike babban gibi da shi.

Akwai mai haɗi biyu, irin tsarin gam ɗin Araldite, wanda ke bushewa da sauri ba tare da jiran iska ba. Sai kuma zaren butil mai laushi wanda ba ya taurara, da ake sawa tsakanin sassan da aka ɗaure da noti, don a iya kwance su wata rana.

Abubuwa uku ne ba su dace ba, ko da yake su suka fi sauƙin samu. Silikon na gilashi da bayan gida, mai warin tsami, yana fitar da asid da ke sa ƙarfe tsatsa, kuma fenti ba ya zama a kansa.

Fila, wato ƙullun da ake cike lotsawar jikin mota da shi, yana da tauri, yana tsagewa idan mota ta murɗa, yana kuma shan ruwa. Kwaltar titi da aka narka kuwa takan yi laushi da bazara, ta bushe ta fashe daga baya.

Ko a kasuwar Ƙofar Ruwa aka saya ko a shagon kayan fenti, a duba ranar ƙarewar wa'adi. Bututun da ya daɗe a cikin zafi kan daskare tun kafin a buɗe shi.

Yadda ake shafawa

Ƙa'ida ta farko ita ce danƙo a kan firaima yake zama. Firaimar da ta fi dacewa ita ce ta ifoksi mai haɗi biyu, saboda ba ta barin ruwa ya ratsa. Kamfanoni da dama na gargaɗi game da ɗora danƙo kai tsaye a kan firaima mai asid.

Idan firaimar ta kwana biyu ta taurara, a ɗan goga mata samfefa mai laushi, a share da ruwan cire maiƙo na masu fenti. Fetur bai dace da wannan ba, haka ma sinadari mai alkohol, domin yana hana poliyuretan bushewa.

A yanke bakin bututun daidai faɗin layin da aka gani a hoto. A riƙa tura danƙon cikin tsagar, yadda zai cika ta ba tare da ya yi gada a samanta ya bar iska a ƙasa ba.

Inda masana'anta ta bar shi kamar igiya, a bar shi haka. Inda ta baje, a bi shi da burushi mai tauri wanda aka rage wa tsawon gashi, a ja shi sau ɗaya ta fuskar da shatin asali ya nuna. Inda ake son gefe madaidaici, a manna salatif na takarda a ɓangarorin biyu, a cire shi tun danƙon na ɗanye.

A nan yanayin Kano na da tasiri. Lokutan bushewa da ake rubutawa a jikin bututu an auna su ne a zafin digiri 23 da laimar iska kashi 50 cikin 100, inda poliyuretan ke yin fata cikin kamar sa'a guda, ya kuma bushe zurfin kimanin milimita 3 a kwana ɗaya.

Da laimar iska yake bushewa. Saboda haka a tsakiyar hunturu, lokacin da laimar kan faɗi ƙasa da kashi 20, yana ɗaukar lokaci fiye da yadda aka rubuta, ga ƙura na sauka a kai. Da bazara kuma zafin ƙarfe na sa shi yin fata kafin a kai ga baje shi.

Dabarar ita ce a yi aikin a cikin rumfa, da sassafe, a yayyafa ruwa a ƙasa don kwantar da ƙura, a kuma riƙa yin layi ɗaya-ɗaya. Da damina kuwa, babban abin kiyayewa shi ne a tabbata tsagar ta bushe ƙarau kafin a rufe ta.

Bayan ya bushe ne ake fesa abin tare tsakuwa, sannan fenti. Kakin hana tsatsa shi ne na ƙarshe, domin duk inda ya taɓa fenti ba zai ƙara kamawa ba.

Wuraren da ba a toshewa

Kuskuren da ya fi yawa shi ne ɗaukar kowace kafa a matsayin aibi. Masu ƙira sun san ruwa zai shiga ƙofa ta gefen gilashi, zai kuma shiga dokin ƙofa, don haka suka bar masa ƙananan ramuka a ƙasa da zai fita.

Irin waɗannan magudanai na ƙarƙashin ƙofofi, da ƙasan dokin ƙofa, da kwarin da ke gaban gilashin gaba, da kusurwoyin but. Duk wanda ya toshe su ya mayar da motar randa. Bayan an gama aiki, a bi kowanne da waya a tabbata a buɗe yake.

Haka nan ba a shafa danƙo ko kwalta a kan salansa, da mahaɗar bututun birki, da wurin da wayar batir ke taɓa jiki, da kan notin da za a buƙaci kwancewa. Lambar casis ma a bar ta a fili, domin da ita jami'an kwastan da na duba lafiyar motoci ke tantance mota.

Al'adar fesa baƙin mai a ƙarƙashin mota bayan wanki ita ma tana da illa ga wannan aiki. Man na kumbura robobi, yana narkar da kwalta, yana tara ƙura, kuma idan ya ratsa tsaga sai an sha wahala kafin wani danƙo ya kama wurin.

Ga mai saye da mai bayar da gyara

Rufe tsatsa da danƙo ko kwalta kitso ne da ƙwarƙwata. Ƙasan motar zai yi baƙi ƙirin kamar sabo, alhali ƙarfen na ci gaba da ruɓewa. Idan kuwa don a sayar aka yi, to ya zama algus, kuma rayukan fasinjoji ne a ciki.

Mai saye ya ɗaga kafet ya duba, ya shiga ƙarƙashi da tocila, ya ƙwanƙwasa dokin ƙofa. Lafiyayyen ƙarfe na amsawa da ƙara, ruɓaɓɓe kuwa sautinsa a dushe yake. Maganaɗisu ba ya kama wurin da aka cike da fila mai kauri, kuma sabuwar kwalta a kan tsohuwar mota dalili ne na ƙara bincike.

Mai bayar da gyara kuma ya nemi ganin aikin a matakai uku: bayan an kankare, bayan walda, da bayan firaima. Da zarar danƙo da fenti sun hau, babu sauran hanyar sanin abin da ke ƙasa.

Kafin a mayar da kafet, a watsa wa motar ruwa da tiyo, wani na ciki yana duba inda zai ɓullo. Daga nan kuma a riƙa wanke taɓon kogon taya, a duba layukan sau biyu a shekara: kafin faɗuwar damina da bayan ɗaukewarta.